Ƙannena masu rubuta waƙa a Kaduna, wa kuka bar wa yara?

Assalamu alaikum ƙannena marubuta, musamman ku da kuka taso yanzu kuke ta zuba baitoci a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, tun daga Tudun Wada da Rigasa da Kawo har can Zariya. Magana nake so mu yi irin ta yaya da ƙanne, in ta ɗan yi zafi ku yi haƙuri da ni, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ina bin rubutunku sosai, kuma wallahi akwai masu baiwa a cikinku, wani yaron in ya jera baiti sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Amma kusan dukkanku gona ɗaya kuke nomawa. In ba soyayya ba to kukan halin da ƙasa take ciki, in ba shi ba to yabon wani mai muƙami da ake sa ran zai ga fostin ɗin ya yi wani abu. Ban ce laifi ba ne. Abin da yake damuna shi ne duk ranar da aka ce wa ɗayanku ya rubuta wa ɗan aji biyu na firamare waƙa ko ɗan labari, sai ka ga ransa ya ɓaci kamar an rage masa daraja, wai shi ya wuce nan, wai wannan aikin malaman nazire ne. To ƙannenku da 'ya'yan yayyenku da suke kwana suna tashi da katun na Turanci da na Indiya a wayar uwarsu, wa kuke jira ya zo ya rubuta musu da Hausa? Mutanen Legas ne za su zo su yi mana, ko na Landan?

Ku sani babu alƙalin da ya kai yaro tsanani a harkar nan. Babba zai danna maka layik ko bai karanta ba, ya rubuta maka Allah ya ƙara basira saboda kunya, ko don unguwarku ɗaya, ko don kai ma jiya ka yi masa kwamen. Yaro ba shi da wannan karar ko kaɗan. In waƙarka ba ta yi masa daɗi ba ka kai baiti na uku ya fara wasa da takalminsa, ka kai na biyar ya ce zai je fitsari, shi ke nan ba zai dawo ba. In kuwa ta kama shi to ka shiga uku da maimaici, zai ce a sake, a sake, gobe ka ji shi yana rera ta a bakin famfo ya koya wa wasu yaran da ba su taɓa jin sunanka ba. Duk wanda yake son ya san gaskiyar inda alƙalaminsa ya kai, ya daina ƙirga layik, ya tara yara goma a zaure ya karanta musu. Rubutun yara kamar kunun yaye ne, don mai shan ƙarami ne ba ya sa a dama shi da ganganci, shi ne ma aka fi tacewa aka fi kula da zafinsa.

Kuma ba wani sabon abu nake kawo muku ba, a jihar nan tamu aka kafa tubalin abin. Abubakar Imam da duk muke tinƙaho da shi, an haife shi a Kagara a 1911, yana malamin makarantar midil a Katsina ya shiga gasar rubutun da Baturen nan Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sa'an da yawa daga cikinku. Bayan nan aka ɗauko shi ya zo Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, kuma don wa aka sa shi rubuta ta? Don 'yan makaranta. Littafin karatu ne na yara, ba don farfesoshi aka yi shi ba, farfesoshin ne daga baya suka zo suka same shi. Mutumin da ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya yi harkar siyasa, ya riƙe manyan muƙamai, ya rasu a 1981, amma yau in ka tsayar da dattijo a Kasuwar Barci ka ambaci sunansa, ba muƙaman zai tuno maka ba, labaran da ya karanta yana ɗan aji huɗu zai fara ba ka yana dariya. Sannan ku lura da wani abu, Imam bai zauna yana jiran ilhama ta sauko masa daga sama ba, ya karanta labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya ya narkar da su ya zuba su a cikin rayuwar Bahaushe har ba ka gane baƙi ne. Ku kuma wasunku suna alfahari da cewa ba sa karanta rubutun kowa don kar salon wani ya shafe su. Wannan ba kare salo ba ne, yunwa ce kawai kake sa wa alƙalaminka.

Sai maganar kari, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan ne ciwon yake. Da yawanku abin da kuke kira waƙa magana ce kawai aka yayyanka ta layi-layi aka liƙa mata harafi ɗaya a ƙarshe, na, na, na, ko ba, ba, ba, an samu amsa-amo shi ke nan an gama. Amsa-amo ado ne, kari shi ne ƙashin bayan. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da mara nauyi, kuma yadda ka jera su shi ne yake sa ɗango ya zauna a baki ko ya yi ta tuntuɓe, shi ya sa magabata suka zauna suka koyi aruli, wato ilimin auna karin waƙa, suka san ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, wato yawan ɗangon da ke cikin baiti, suka san yadda ake tahamisi, wato ƙara ɗango a baitin wani ya cika biyar. A sitej da maik a hannu kana iya ɓoye karyewar kari, ka ja murya nan ka haɗiye gaɓa can ka ɗaga hannu a tafa maka. Amma waƙar yara ba kai za ka rera ta ba, su za su rera, kuma bakin yaro ba ya iya rufa maka asiri, daidai inda karin ya karye nan zai tsaya cak.

Ku dubi Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, bai taɓa ganin baƙin rubutunsa a takarda ba, amma waƙarsa Imfiraji ta shiga ko'ina a ƙasar Hausa, mabarata suna rera ta a ƙofar gidaje, mata suna haddace ta a tsakar gida ba tare da sun taɓa riƙe littafin ba, har Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta ba shi digirin girmamawa. Me ya ɗauke ta ya kai ta can? Kunne ne ya auna ta kafin ta fita. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864, da take son ilimi ya isa ga matan ƙauye waƙa ta tsara ta ba jajis ɗinta, wato matan da ta horar su riƙa koyarwa, suka tafi da ita, don ta san abin da aka saka a kari ba ya zubewa a hanya. In karatun aruli ya yi muku nisa to makarantarku tana nan a ƙofar gida kyauta. Ku tsaya ku saurari 'yan mata suna gaɗa, ku saurari waƙoƙin tashe da azumi, da waƙar da uwa take yi wa jariri in yana rigima, da yadda 'yan islamiyya suke rera haddarsu da yamma. Ku ji yadda ɗangon yake gajere, yadda amshi yake dawowa a kan lokaci har yaro ya san yana zuwa ya shirya masa baki. Gwajin da nake ba kowa shi ne, ka ba 'yan mata biyu waƙarka ka ce su yi tafi da ita. In tafin ya tafi daidai har ƙarshe ka yi aiki, in suka rikice a tsakiya ka koma ka gyara, kar ka ce su ne ba su iya ba.

Wata matsalar kuma, 'yan kaɗan ɗin da suke gwada rubuta wa yara sai su mayar da abin mumbari. Shafi na farko Musa yaron kirki ne yana gaida iyayensa, shafi na biyu Audu ba ya jin magana mota ta buge shi, shafi na uku darasin da muka koya. Haba ƙannena. Yaron nan da safe an yi masa faɗa a gida, a boko an yi masa, a islamiyya an yi masa, ya zo ya buɗe littafi don ya ɗan sha iska nan ma ka tare shi da bulala. Ni mai son tarbiyya ce ta shiga rubutu, kar ku fahimce ni ba daidai ba, amma ku duba yadda kakanninmu suka yi. Gizo ai ba mutumin kirki ba ne, maƙaryaci ne mai haɗama, kullum yana cutar Ƙoƙi, kuma shi yara suka fi so a duk tatsuniya, a cikin dariyar da suke yi masa suke gane inda haɗama take kai mutum ba tare da kaka ta tsaya ta ce to darasi na ɗaya ba. Ta ce ƙurungus ta tashi, sauran aikin zuciyar yaron ce take yi. Ku bar yaro ya yi dariya, ku bar shi ya ɗan ji tsoro ya matso kusa da yayarsa, ku yi masa waƙar da ba ta da wata manufa sai daɗin lanƙwasa harshe irin na gagara-gwari. Wanda ya so karatu saboda daɗi, gobe da kansa zai nemi littafin da zai gyara masa hali.

Sannan ku rubuta yaron Kaduna ɗin nan da kuke gani, ba wani yaro da kuka aro a fim ba. Yaron da ake cusa su su shida a Keke Napep zuwa makaranta, wanda in jirgin Abuja ya taso daga tashar Rigasa yake gudu ya hau tudu don ya ƙirga taragai, wanda yake jifan mangwaro a gidan mutane a Unguwar Rimi, wanda leɓensa yake tsagewa da hunturu, yarinyar da take tallan awara bayan an tashi daga makaranta tana yin aikin gida a kan murfin bokiti. Almajirin da yake wanke-wanke a gidanku shi ma yaro ne, yana da abin da yake ba shi dariya da abin da yake mafarki, ba sai a waƙar tausayi kaɗai zai fito ba. Yaro in ya ga unguwarsu a cikin littafi wani irin girma yake ji, yana gane ashe rayuwarsa ma ta isa a rubuta.

Kuma akwai wani nauyi da yake kanmu mu 'yan Kaduna wanda marubucin Kano ko Sakkwato ba lallai ya ji shi kamar mu ba. Duk mun san rikicin addinin da ya faru a garin nan a 2000 da 2002, mun san yadda mutane suka kwashe kayansu, Musulmi suka koma wannan gefen kogin Kaduna Kiristoci suka koma wancan. Iyayenmu sun yi wasan ƙasa da 'ya'yan Bajju da Atyap da Gbagyi da Ham a layi ɗaya, yau akwai yaro a Rigasa da zai gama firamare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da yaron Sabon Tasha ko Unguwar Television ba, abin da ya sani game da shi sai abin da ya tsinta a bakin manya, kuma ba kullum manya suke faɗin alheri ba. Alhali Hausar nan da kuke rubutu da ita yaron Kafanchan yana jin ta, na Zonkwa yana jin ta, a coci ma da ita ake waƙa a wurare da yawa. To me zai hana a littafinka abokin Sani ya zama Bulus, ba don a yi lacca a kan zaman lafiya ba, kawai su biyun akuyarsu ta ɓace suna nema? Taron zaman lafiya nawa aka yi a otal-otal na garin nan, yara ba sa zuwa. Littafi kuwa har ƙarƙashin filo yake bin su.

Yanzu maganar rayuwar marubucin kansa, don na san abin da yake ran da yawanku ke nan, yaushe abin zai fara kawo kuɗi, yaushe za a san ni. Gaskiya ita ce ku nemi sana'a. Ku riƙe aikin koyarwarku, ko ɗinki, ko shagon POS, ko aikin asibiti, rubutu ya zauna a gefe yana girma a hankali. Imam malami ne kuma ɗan jarida. Marigayiya Mabel Segun, wadda tana cikin waɗanda suka fi kowa yi wa adabin yara hidima a Najeriya kuma marubuciyar waƙa ce, an haife ta a 1930, ta yi koyarwa ta yi aikin gidan rediyo, littafinta na yara da aka fi sani ya fito a 1965, ta kafa ƙungiyar adabin yara ta Najeriya a 1978, amma babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ba ta zo hannunta ba sai a 2007, tana da shekara 77. Ku lissafa tsakanin 1965 da 2007. Ku kuma mutum ya yi wata takwas yana fostin ba a gayyace shi KABAFEST, bikin littattafai da fasaha na Kaduna, ba sai ya yi fushi ya ce Arewa ba a daraja fasaha. Ita wannan kyautar ta NLNG dala 100,000 ce, tana zagayawa tsakanin ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, wato su kansu sun ajiye rubutun yara a sahu ɗaya da sauran, amma littattafan da suke cin ta da Turanci suke. Saboda haka mai rubuta wa yara da Hausa ya san tun farko ba don ita yake yi ba, kuma ni a ganina wannan bai rage masa komai ba. Abin da nake roƙonku kawai, ku guji masu shirya taron karramawa da za su ce ka biya kuɗin fom ko kuɗin teburi a ba ka allo mai ƙyalli a kira ka gwarzon marubucin shekara. Kuɗin nan da ka ba mai zane da ya fi maka amfani.

Don littafin yara ba ya yiwuwa sai da zane, kuma nan ne kuɗin yake tafiya. Bugun mai kala ya fi baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba, ga takarda kullum tana hawa. Kar zumuɗi ya sa ka ci bashi ka buga dubbai su zo su cika maka ƙarƙashin gado. Fara da kaɗan, shafuka kaɗan, manyan haruffa, jimla gajeriya, ka kai wa masu makarantun kuɗi da islamiyyu na unguwarku da kanka ka ce su gwada a aji ɗaya. Ka nemi lambar ISBN a wurin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa don littafin ya zama yana da rajista. Mai zanen kuma ku yi yarjejeniya a rubuce, ka biya shi haƙƙinsa, ka sa sunansa a bango kusa da naka, don yaro zanen yake fara karantawa kafin ya kai ga kalmominka. Akwai yara masu zane a sashen zane-zane na ABU da ma cikin unguwanni da suke neman irin wannan damar, ka zauna da shi ka nuna masa yadda zanin uwar zai kasance da yadda murhun yake, kar ya zano maka gida mai bene da dusar ƙanƙara. Kuma don Allah mu daina tura PDF ɗin littattafan junanmu a guruf da sunan taimako, mu da kanmu muke kashe kasuwar da muke kuka babu.

Ƙa'idar rubutu kuma ba wasa ba ce a nan. A fostin ɗinka na Facebook ka rubuta yadda ka ga dama, babba zai gane. Amma littafin da yaro zai koyi karatu da shi, duk ƙugiyar da ka bari ta ɓ da ɗ da ƙ, duk inda ka haɗe kalmomin da ya kamata a raba, haka zai haddace shi ya tafi da shi har jarrabawa. Ka kai wa malamin Hausa na gaske ya duba maka, akwai su a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da ABU da kwalejojin ilimi da ma sakandaren unguwarku, ka ba shi ɗan abin goro, in ya ja jan biro a rabin shafin kar ka ji haushi. Kuma kar ka cika wa yaro tsofaffin kalmomin da kai kanka sai da ka tambaya don a ce ka iya Hausa, ɗaya ko biyu a labari sun isa, ya tambayi kakarsa ma'anarsu hira ta ɓarke.

In kun tashi gwadawa, ku bi ta ƙofa. Ka je wurin hedimasta ko malamin islamiyya ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi minti ashirin ranar da ba su da cunkoso, malamin ajin yana zaune a wurin. In yaran unguwa ne iyayensu su sani, kuma a fili za a zauna inda kowa yake gani. Kar ka ɗaga waya kana ɗaukar fuskokin 'ya'yan mutane ka ɗora a TikTok ba da izini ba don a ce kana aiki, ajiye wayar a aljihu ka riƙe biro. Ka sa alama a inda suka yi dariya, da inda suka yi tsit, da inda hayaniya ta fara tashi daga bayan aji, da kalmar da suka tambaye ka ma'anarta. In ka gama kar ka tambaye su ko ta yi daɗi, za su ce e don malam yana kallonsu. Ka koma bayan sati ka ce wa zai iya tuno mana waƙar nan, baitin da suka riƙe ka bar shi yadda yake, wanda ya zube ka koma gida ka sake ƙera shi.